Jan Kati a Gidan Reino

Litinin, da hantsi

Hitar gidan nan, na'urar gas da ke ɗumama mana gida, ta sake mutuwa. Sanyi ne ya tashe ni, hancina kamar ba nawa ba. Mijina Reino ya riga ya sauka ɗakin ƙasa da tocila a baki, ina jin ƙwanƙwasarsa ta bututun da ke kawo ɗumi kicin. Tun bayan Kirsimeti take mana wannan wulaƙancin. Ta kama, ta ɗan yi gurnani, sai ta kashe kanta.

Na tsaya a bakin matakala na ce, "Tsoho, mu kira Curt ya duba mana ita."

"Wane Curt?"

"Curt mai gyaran hita mana. Curt nawa gare mu a garin nan?"

"Wanda ni na koya wa riƙon filaya? Je ki dafa kofi, Arlene."

Na je na dafa kofi, me zan yi. Tun da muka yi aure motar mai gyara ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan nan ba. Injin wanki, firji, murhu, injin kwashe ƙanƙara, duk sun sha hannunsa. Da ya yi ritaya daga mahaƙar ƙarfe sai ya zama makaniken unguwa na kyauta, har matan layin nan da sunansa suke yi wa mazansu gori. A garin nan kuwa, namijin da ya bari aka ga motar mai gyara a ƙofarsa, to ya shirya shan tsiya a teburin kofin tsofaffi har ƙanƙara ta narke. Mijina ne kuma shugaban masu tsiyar.

A rediyo sun ce sanyin da ke tafe makon nan zai iya ƙona fatar mutum kafin ya je akwatin wasiƙa ya dawo.

Litinin, da yamma

Ta kama. Ya hau yana goge hannu da tsumma, baki har kunne.

"Na gano ta. Wani ɗan makunni ne ke ta kashe ta ba gaira ba dalili. Na yi maganinsa."

Na ce wane irin magani. Ya ce irin wanda ba a biya. Ya ci kwano biyu na miyar wake, ya yi ta fito yana wanke hannu. Na daɗe ban gan shi cikin annashuwa haka ba.

Laraba, bayan abincin rana

Gida ya yi ɗumi har na cire rigar sanyi ɗaya. 'Yarmu Jodi ta kira daga birnin Duluth. Ita kaɗai Allah ya ba mu, kuma tun tana ƙarama in ta kama magana sai ta ga ƙarshenta. Ta gaishe ni sama-sama, sannan ta rage murya.

"Mama, yaya Baba?"

"Yana nan garau. Shekaranjiya ma ya gyara hita."

"Shi da kansa? Mama, gas ne fa."

"Da can wa ke gyara ta, ke?"

"Kin san abin da nake nufi."

Na sani. Abin ranar Kirsimeti take nufi, da muka taso daga coci ya wuce layinmu ya yi ta tafiya har bakin tsohuwar mahaƙa, ya tsaya yana kallon ƙofar da aka ɗaure da sarƙa. Ƙanƙara ta rufe alamun titi ranar, kowa ma zai iya ɓata. Haka na faɗa mata a cikin motar, haka na sake faɗa mata yau.

So take mu kai shi gwajin ƙwaƙwalwar nan. Na san gwajin. A ce ka zana agogo, a faɗa maka 'yan kalmomi a ce ka riƙe su. Shi aka yi wa babansa, daga nan aka karɓe makullin mota, aka rufe masa gareji, aka kai shi gidan tsofaffin nan na kan tudu inda ya ƙarasa kwanansa yana tambayar kowa ina takalmansa. Reino ya taɓa ce min, muna hanyar dawowa daga can, gara ya faɗa ramin mahaƙa da a kai shi wurin.

Ba zan rubuta sunan abin ba. In likita ya furta shi a kan mijina, Jodi za ta kwashe kayan aikinsa ta sa gidan nan a kasuwa kafin ciyawa ta fito. Jinina ce, na san ta.

Alhamis, da safe

Ya zo yana neman tsofaffin safa na ulu. Na ce me zai yi da su. Wai akwai wani bututu a ɗakin ƙasa, kusa da hita, da ke ta huro mana sanyin waje.

"Muna ƙona gas muna ɗumama wa titi jiki," in ji shi.

Tun Nuwamba muka manne tagogi da leda kamar kowa, ya bi ƙofofi ya toshe duk inda iska ke satar hanya, wannan ne kawai ya rage masa. Na ba shi guda biyu da na saƙa da hannuna shekarun baya, masu jan baki.

Bututun nan tun da muka sayi gidan yake wurin. Ban san me ya sa sai bana ya tsone masa ido ba.

Asabar

Ciwon kai tun safe. Na sha magani, bai sauka ba.

Lahadi, bayan coci

A coci kaina ya sake ni, har na bi waƙoƙi da ƙarfi. Bayan an tashi muka sauka zauren ƙasa shan kofi da burodi mai kirfa. Reino ya zauna a teburin tsofaffi, ya sa Duane a gaba, abokin aikinsa na mahaƙa.

"Duane, na ga farar mota a ƙofarka ranar Talata. Wa ya rasu?"

"Injin busar da kaya ne, Reino. Ba ya zafi."

"Fis ne. Ɗan ƙaramin fis da bai kai ɗan yatsan jariri ba. Ka kira ƙato daga wani gari ya zo ya canza maka fis! Gobe kuma wa za ka kira ya ɗaure maka igiyar takalmi?"

"Matata ce ta kira."

"Ka ji ko? Wayar ma kira masa ake."

Teburin ya fashe da dariya, har fasto ya ƙware da kofi. Na tsaya da tire a hannu ina kallonsa, zuciyata fes. Da ma Jodi na nan ta ga babanta.

Da muka fito ya tsaya a filin motoci yana jujjuya makulli, motarmu kuwa tana gabansa. Na ce, "Ga ta nan, Tsoho." Ya ce ya gan ta, iska yake sha. A wannan sanyin.

Ba mu jima da shiga gida ba kaina ya dawo da sarawarsa. Mu biyu muka ɓingire a kujerun falo har rana ta faɗi, naman da na fitar don abincin rana bai ga wuta ba.

Talata, da hantsi

Ƙararrawar bango ta yi kuka. Wadda Jodi ta kafa mana a lungun ɗakin kwana, mai shinshino hayaƙin gubar nan da ba ya wari. Reino ya hau kujera ya ciro ta.

"Batir ne."

"Sabo na sa mata farkon watan nan."

"To ita ce ta tsufa. Waɗannan 'yan robobin, tururin tukunya ma sa su kuka yake."

Ya shimfiɗa jarida a teburin kicin, ya kwance ta, ya jera ƙusoshinta a marfin kwalba kamar yadda ya saba. Na je na zuba wanki na dawo, yana zaune. Na share falo na dawo, yana zaune, sukudireba a hannu, ya zuba wa hanjinta ido. Na ajiye masa kofi a gefe, a nan ya huce.

Yanzu tana cikin kwalin takalmi a kan firji. Ya ce sai ya samo wani ɗan ƙarfe.

Laraba, da yamma

Tagogi na zubar da ruwa ta bayan leda, har ya taru a kan katako. Kyanwarmu ta ƙaura gareji. Na kira ta da kifin gwangwani, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ƙi shigowa.

Ɗazu na tsinci kaina a tsakiyar kicin da waya a hannu, ban san wa zan kira ba. Rayuwata duka a kicin ɗin makaranta na yi ta, ina dafa wa yaran gari abinci, ban taɓa kuskuren gishiri ba. Yau miya ta ƙi ciwuwa, ban ma san sau nawa na zuba ba. Tsoro ya kama ni. In har ni ma abin ya taɓa ni, wa zai riƙe wani a gidan nan?

Alhamis

Kai. Amai. Barci. Reino ma haka.

Juma'a, da rana

Na kai wa kyanwa abinci gareji. A bangon can kowane kayan aiki da zanen siffarsa, Reino ya bi su da fenti tun Jodi na goye, don kowa ya san mazaunin komai. Yau guduma ce rataye a zanen zarto. Na cire ta na mayar inda take.

Ya shigo ya same ni, ya ɗauki sifana ya ce, "Arlene, me ake ce wa wannan?" Na faɗa masa. Ya yi dariya, wai gwada ni yake. Ni ma na yi dariya.

Jodi ta kira, ban ɗauka ba.

Asabar, da yamma

Marlys ta shigo da kwanon gasasshen dankali da nama. Maƙwabciyarmu ce ta tsallaken titi, mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuwa yana nan da ransa. Ba ta gama kofinta ba ta fara murza goshi.

"Ke Arlene, gidan nan naku akwai nauyi. Kin ga fuskarki kuwa? Kamar wadda aka tono."

"Na gode, ƙawata. Ke ma kin yi kyau."

"Ba wasa nake ba. Ina ƙararrawarku?"

Na nuna mata kan firji da haɓa. "Tana asibiti. Likitan ya tafi hutu."

Ta leƙa falo inda Reino ke ta minshari da rana, ta dawo da idonta kaina. "Ki kira a duba hitar nan."

"Ke ki faɗa masa."

"Ni na aure shi?"

Bayan ta tafi na sauka ɗakin ƙasa. Rabona da can tun kaka, gwiwoyina ba sa shiri da matakalar, kuma can fadarsa ce. Na leƙa ta ɗan ramin da ake ganin wuta. Shi da kansa ya koya min cewa wutar gas shuɗiya ce in tana lafiya. Wannan rawaya ce, tana lilo kamar ta kyandir, gaban hitar kuma ya yi baƙi da hayaƙi.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa sai ni. Murna na yi. Na tsaya a gaban wutar nan, kaina na sarawa, ina murna. In iskar gidan ce, to ba shi ba ne. Ni ma ai na ɓata miya, ni ma na tsaya da waya a hannu, kuma ni lafiyata ƙalau. Sifana, guduma, filin motoci, duk iska ce. A gyara hita, a buɗe tagogi, mijina ya dawo.

Ranar Kirsimeti hitar ba ta fara wulaƙancinta ba tukuna. Amma ranar ai ƙanƙara ce ta rufe alamun titi.

Lahadi, da safe

Ba mu je coci ba. Jiya kafin mu kwanta na kashe hita daga makunnin bango, na yanka ledar tagar ɗakin kwana na ɗaga ta kaɗan, na lafta mana barguna. Na tashi na tarar ya kunna ta, ya sake manne tagar da salatif.

Na ce masa wutar rawaya ce. Ya ce wa ya aike ni ɗakin ƙasa. Na ce kanmu na ciwo, kyanwa ma ta gudu. Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Ke ma kin bi sahun 'yarki ko? Kin ga ban iya ba? Faɗi mana, ina jin ki!"

Tun da nake da shi bai taɓa buga tebur ba. Na dube shi na ga tsoro ne fal a idonsa.

Na san abin da yake gudu. In aka kira kamfanin gas suka ga matsala, jan kati suke rataya wa hita, su rufe bututu da kwaɗo, ba mai sake kunnawa sai mai lasisi ya sa hannu. Gidan da aka rataya wa jan kati kuwa, kafin yamma gari duk ya ji. Jodi ma za ta ji.

Na shiga banɗaki na kira Marlys, na ce in ta taso daga coci ta zo min da tata ƙararrawar.

Lahadi, da yamma, asibiti

Muna raye. An ɗaura mana abin shaƙar iska a fuska. Na gaji, sai gobe.

Litinin, da hantsi, gidan Marlys

Jiya Marlys ta zo da ƙararrawar a jaka kamar kayan sata, ta ajiye a teburin kicin ɗinmu. Muna cikin shan kofi ƙararrawar ta tsage da ihu. Reino ya taso daga falo yana tangaɗi, ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Na riga shi. Na rungume ta a ƙirji tana ta ihu, na ɗauki waya a gabansa na kira 'yan kwana-kwana.

"Arlene, ajiye wayar nan."

"Ba zan ajiye ba."

"Zan gyara. Ki ba ni zuwa gobe."

"Ai ka gyara. Gyaran ne zai kashe mu."

Abin da na faɗa ke nan, kuma ba ya komawa ciki. Marlys ta jefa masa rigar sanyi ta tisa ƙeyarmu waje.

Jar mota ta zo da jiniya, ta kamfanin gas na biye da ita, daidai lokacin da kowa ke gida yana cin abincin Lahadi. Layin gaba ɗaya ya taru a bakin tagogi. Duane ya zo wucewa ya rage gudu, ya ga ko wane gida ne, ya kau da kai ya wuce. Mutumin da ya shiga da na'urar awo ya fito da sauri, ya rufe fuskarsa sannan ya koma. Ya ce min da hitar nan a kunne ta kwana, da wani labarin ake yi yanzu.

Sun rataya jan katin. Reino na tsaye a kan ƙanƙara da silifas, ya sunkuya yana kallo ta ƙaramar tagar ɗakin ƙasa. Bai juyo ba ya ce, "Kin tona min asiri." Tun daga nan bai sake yi min magana ba.

Likitar ta ce gubar ta fita daga jininmu, amma ruɗewar kai takan ɗauki lokaci, wani kwanaki, wani makonni. Na ce mata, "Amma ana warwarewa?" Ta ce sau da yawa. Na riƙe wannan "sau da yawa" da hannu biyu.

Marlys ta ba mu ɗakin ɗanta da ke aiki a wata jiha. Kyanwa ta biyo mu da ƙafarta.

Laraba, da rana

Curt ya zo. Ni na raka shi ɗakin ƙasa, Reino ya ƙi tsallaka titi. Curt ma ya fara furfura, amma har yanzu Mama Arlene yake ce min kamar lokacin da nake zuba masa abinci a makaranta.

Ya nuna min wata tsaga a cikin tukunyar wutar, ya ce tsufa ne, ba laifin kowa ba. Ya zura hannu a bututun bango ya zaro safata biyu masu jan baki, ya ce ta nan hita ke numfashi. Sannan ya haska wata 'yar wayar wuta da aka ɗaura a bayan ɗan makunnin nan da Reino ya ce ya yi maganinsa.

"Wannan makunnin aikinsa ke nan, Mama. In wuta ta fara fita ta inda bai kamata ba, ya kashe komai. Ba lalacewa ya yi ba, ceton ku yake ta yi. Sai aka zagaye shi da waya." Ya cire ta yana juyawa a yatsunsa. "Wa ya sa wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Don ina saurayi na taɓa yin irinta a hitar gidanmu, Baba Reino ya kama ni. Ya ja kunnena har bakin titi. Ya ce duk wanda ya zagaye makunnin tsaro kabari yake haƙa wa iyalinsa. Shi ya sa na san ba shi ba ne."

Na ce ya kawo sabuwar hita ya kafa mana. Ya miƙo min wayar, na sa a aljihu.

Ina tsallaka titi kaina na ta lissafi, ba na so, amma tunda ya warke ya ƙi tsayawa. Ranar da aka ɗaura wayar nan, hitar a mace ta kwana. Tagogi a bushe suke, kyanwa na kan gado, kaina garau. Iskar da ya shaƙa ranar irin ta kowa ce.

Juma'a, da yamma

Jodi ta zo, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sayo ƙararrawa kusan kowane ɗaki da tasa. Ta ja ni bayan ƙofa.

"Mama, yanzu kin yarda?"

"Likita ta ce makonni."

"Ke ai kin warware."

"Jikin kowa daban. Shi ya fi ni zama a ɗakin ƙasa, ya fi ni shaƙa."

Wannan gaskiya ce, ta kasa musawa. Ban nuna mata wayar da Curt ya ciro ba. Da za ta tafi ta ce ba za ta ƙara matsa min ba, duk ranar da na shirya in kira ta da kaina. Ta rungume babanta, ya bubbuga bayanta yana kallon bango.

Lahadi

Ya ci abinci sosai. Ya tuna sunan karen Marlys da ya mutu tuntuni. Alama ce mai kyau.

Litinin, da safe

Ya tambayi yaushe za mu koma gida. Na ce Curt na jiran sabuwar hita ta iso. Ya ce wane Curt.

Talata

Ya daina fushi da ni. Yau har kujera ya jawo min, ya ce na gode da na miƙa masa gishiri. Na fi son fushin.

Alhamis, da hantsi

Shawarar Marlys ce, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Na'urar gasa burodinta ta daina riƙe burodi, in ka danna sai ta taso. Ta dire ta a gabansa kan tebur, ta kawo jarida da sukudireba.

"Reino, ba a zama min a gida hannu rabbana. Gyara min wannan kafin in dawo."

Ta kashe min ido ta fita kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Irin wannan gyaran ya yi shi ya fi a ƙirga. Ɓurɓushin burodi ne ke maƙalewa, ni ma na sani.

Ya gyara zama. Ya kifa ta, ya kwance ƙusoshin ƙasa ya jera su a gefen jarida. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Na tsaya a bakin famfo ina wanke kofin da na riga na wanke, ina roƙon Allah a zuci. Ya ɗaga murfin ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙawa.

Sai ya ajiye sukudireba a hankali, ya ɗago ya dube ni cikin ladabi, irin kallon da yake yi wa matan mutane in ya je musu gyara.

"Madam, ki yi haƙuri. Wannan ta fi ƙarfina. Gara ki kira wanda ya iya."

Na ce to.

"Maigidan fa? Ko ba ya nan?"

Na ce, "Ba ya nan."

Ya gyaɗa kai, na ga har ya tausaya min. Ya tattara ƙusoshin, ya kamo hannuna ya zuba min a tafi, ya naɗe yatsuna a kansu.

"Ki adana masa, kada su ɓata."

Ya tashi ya koma falo. Da hannun hagu na kira Jodi, na dama na riƙe da ƙusoshin.